Allon gefe a MTA: me ya sa rubutuna ke dusashewa, wani lokacin ma ya ɓace?

Tambaya daga wani matashi a Samaru, Zariya: Ni da abokaina mun buɗe saba (kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa) ta MTA: San Andreas, manhajar da ake buga gem ɗin GTA: San Andreas tare da ita ta intanet, ni ne mai rubuta kod ɗin da yaren Lua. Na yi allon da ke nuna jerin 'yan wasa da kuɗinsu idan an danna Tab, amma da mun kai mutum 30 sai gem ya fara cijewa. Wani ya ce in yi amfani da dxCreateRenderTarget. Na yi, cijewar ta ragu, sai dai rubutun ya dusashe, idan mutum ya fita ya duba WhatsApp ya dawo sai ya tarar babu komai, kuma a laftof ɗin mutum biyu allon bai taɓa fitowa ba. Ina na yi kuskure?

Amsa:

Ƙanena, wanda ya ba ka shawarar bai yi ƙarya ba, sai dai rabin magana ya faɗa maka. Matsaloli ukun nan duk wanda ya taɓa wannan aiki ya ci karo da su, ni ma na sha su, kuma kowacce da dalilinta.

Bari mu fara daga abin da ka ƙirƙira ɗin. Masu harkar suna ce masa renda-taget, ni kuwa allon gefe nake kiransa idan ina koya wa yara, don allon makaranta ya fi komai kama da shi. Almajiri ba ya sake rubuta karatunsa duk lokacin da zai biya. Sau ɗaya yake rubutawa, tawada ta bushe, ya yi ta ɗaukowa yana karantawa har ranar da malam zai ce a wanke. Fuskar kwamfuta kuwa ba ta riƙe komai. Duk firam, wato kowane hoto ɗaya da gem ya fitar, ana share ta a sake zanawa daga farko, shi ya sa kake sa zanenka a cikin onClientRender. Idan gem na tafiya firam 60 a daƙiƙa, kana da kusan milisakan 16.7 ke nan ka gama komai, har da gari da motoci da mutanen da GTA ke zanawa da kansa. Yanzu lissafa naka. Mutum 30, a ce kowane layi na da gurbi 6: suna, lamba, kuɗi, aiki, ƙungiya, fing (jinkirin saƙo tsakanin ɗan wasa da saba). Kiran dxDrawText 180 ke nan. Idan ka yi wa rubutun inuwa, kamar yadda kowa ke yi don ya fito, ya zama 360 a firam ɗaya, wato 21,600 a daƙiƙa. Kuma rubutu na cikin abubuwan da suka fi tsada a zanen dx, wato umarnin zane na MTA masu farawa da dx. Duk wannan wahala a kan jerin da watakila ba abin da ya canza a cikinsa tun daƙiƙa biyar da suka wuce. Allon gefe hoto ne da ke zaune a ma'adanar katin hoto. Ka karkata zanenka zuwa gare shi da dxSetRenderTarget, ka rubuta sau ɗaya, daga nan kowane firam dxDrawImage guda ɗaya ya wadatar.

Nan ne ribar take, kuma nan ne iyakarta. Allon yana biya ne kawai idan abin da ke kansa ya fi yawan nunawa a kan canzawa. Na sha ganin kod inda mutum ya ƙirƙiri allon gefe, sannan kowane firam ya wanke shi, ya sake rubuta layi 360 ɗin nan a kai, ya ɗora a fuska. Wannan bai rage komai ba, ƙari ma ya yi, don sauya inda ake zane shi ma aiki ne ga katin hoto. An gudu ba a tsira ba. Ka duba naka da kyau, ka tabbata ba haka ka yi ba.

Ga ƙashin bayan yadda nake tsara shi:

```
local allo = dxCreateRenderTarget(600, 400, true)
local daBukata = true

local function sakeRubutu()
    dxSetRenderTarget(allo, true)
    dxSetBlendMode("modulate_add")
    zanaJeri(0, 0)
    dxSetBlendMode("blend")
    dxSetRenderTarget()
    daBukata = false
end

addEventHandler("onClientRender", root, function()
    if not allo then return zanaJeri(x, y) end
    if daBukata then sakeRubutu() end
    dxSetBlendMode("add")
    dxDrawImage(x, y, 600, 400, allo)
    dxSetBlendMode("blend")
end)

addEventHandler("onClientRestore", root, function(anWanke)
    if anWanke then daBukata = true end
end)
```

Amsar tambayoyinka uku duk tana cikin waɗannan layukan. zanaJeri shi ne kod ɗinka mai zana jerin, x da y kuma wurin da zai tsaya a fuska. Ka lura da daBukata. Idan wani ya shigo, ko ya fita, ko kuɗinsa ya canza, ba na zana komai a take, tuta kawai nake ɗagawa. Ko canji 20 ne suka zo a tare, rubutu ɗaya za a yi a firam na gaba. Fing ne zai so ya ɓata maka tsari tunda kullum cikin motsi yake, to kada ka biye masa: sa setTimer ya ɗaga tutar sau ɗaya a daƙiƙa, kuma sai idan allon a buɗe yake. Ba wanda zai lura.

Dusashewar rubutu ita ce ta fi wahalar ganewa, don haka zan ɗan daɗe a kanta. Kowane fiksel, wato ɗigo ɗaya na hoto, a allon da ka ƙirƙira da true a ƙarshe yana ɗauke da abu huɗu: ja, kore, shuɗi, da alfa, wato gwargwadon yadda yake rufe abin da ke bayansa. Tsakiyar harafi alfarsa cikakkiya ce. Amma gefen harafi, inda aka sassauta shi don kada ya yi zaƙo-zaƙo kamar haƙoran zarto, alfarsa rabi ce ko ƙasa da haka. A tsarin haɗa launi na yau da kullum, wanda MTA ke kira "blend", ana ninka launi da alfarsa kafin a ɗora. Idan kai tsaye ka zana a fuska, sau ɗaya ake wannan ninki, komai ya fito daidai. Idan ka bi ta allon gefe, an ninka lokacin rubutawa a allon, an kuma sake ninkawa lokacin ɗora allon a fuska. Rabin rabi kwata ne. Sai gefen haruffan ya sirance ya yi duhu, farin rubutu ya koma kamar wanda aka wanke da ruwan toka, baƙin bangon da ka sa mai ɗan nuna baya shi ma ya fi yadda ka so haske. Maganin shi ne a yi ninkin sau ɗaya tak: "modulate_add" lokacin da kake rubutu a kan allo, "add" lokacin da kake ɗora allon a fuska. Kuma kada ka manta ka mayar da "blend" bayan ka gama, in ba haka ba duk zanen da ya biyo baya zai gaji abin da ka bari.

Akwai dusashewa ta biyu da ba ruwanta da alfa. Idan allonka 600 a 400 ne, ka ɗora shi a 600 a 400. Da zarar ka miƙe shi ko ka matse shi, ko da fiksel ɗaya ne, katin zai gauraya maƙwabtan fiksel, rubutu ya yi hazo kamar ka hango Kwangila da safiyar hunturu. Haka ma idan x ko y suka faɗa a kan rabin fiksel, abin da ke faruwa kullum idan ka raba faɗin fuska biyu don ka tsaida abu a tsakiya. Ɗauki girman fuska da guiGetScreenSize, ka yi lissafinka, ka bi da math.floor kafin ka ƙirƙiri allon da kuma kafin ka ɗora shi. Tunda muna maganar rubutu, in ɗan ratse: idan kana son sunaye su fito da ƙ da ɗ da ɓ, ajiye fayilolinka a UTF-8, ka kuma loda fon, wato salon rubutu, mai ɗauke da waɗannan haruffa da dxCreateFont, irin su Noto Sans ko DejaVu Sans. Sau ɗaya za ka loda shi a farkon aiki, ba cikin onClientRender ba.

Sai ɓacewa bayan an fita an dawo. Wannan ba laifinka ba ne, gado ne. San Andreas ya fito a PlayStation 2 a 2004, na kwamfuta ya biyo baya a 2005, kuma a kan Direct3D 9 aka gina shi. A wannan tsohon tsari, idan gem ya cika fuska sannan aka danna Alt da Tab aka fita, yana iya rasa ikonsa a kan katin hoto, kuma abin da ke zaune a ma'adanar katin kaɗai, ba shi da kwafi a wani wuri, ya tafi ke nan. Hoton da ka loda daga fayil ana iya dawo da shi tunda akwai asalinsa. Allon gefe ba shi da asali sai abin da ka zana. MTA zai dawo maka da allon, amma wankakke. Shi ya sa aka tanadi onClientRestore, wanda ke zuwa da amsar ko an wanke allunan ko ba a wanke ba. Kai dai ɗaga tutarka. Abin da ke sa masu rubuta kod ba sa kama wannan da wuri shi ne galibinmu a ƙaramar taga muke buɗe gem ɗin, editan kod a gefe, kuma a haka allon ba ya yawan wankuwa. Sai ɗan wasa mai cikakkiyar fuska ya zo yana rantsuwa allon ya ɓace, kai kana rantsuwa lafiyarsa ƙalau. Duk ku biyun gaskiya kuke faɗa. Darasin da ke ciki: kada bayaninka ya zauna a allon kaɗai. Jerin 'yan wasa ya zauna a tebur na Lua, allon ya zama hotonsa kawai, wanda za ka iya sake fitarwa ko yaushe.

Yanzu mu zo kan mutum biyun da allon bai taɓa fito musu ba, don a ganina ita ce babbar magana ga saba irin taku. dxCreateRenderTarget ba alkawari ba ne, roƙo ne. Idan ma'adanar hoto ta yi ƙaranci, false zai dawo maka da shi, kuma idan ba ka duba ba sai ka miƙa wa dxSetRenderTarget wannan false ɗin, ya ƙi karɓa, ga kuma saƙon gargaɗi na ta zuba inda ba ka gani. Ka san irin laftof ɗin da yawancin 'yan wasanku ke riƙe da su: na hannu ne da aka sayo a Sabon Gari ko PZ, fuska 1366 a 768, katin hoton Intel da ba shi da ma'adanar kansa, daga RAM yake yankar rabonsa. Ga shi kuma San Andreas manhaja ce mai bit 32, wurin da za ta iya kamawa yana da iyaka ko nawa RAM ɗin mutum ya kai. Idan kun cika sabar da motoci da kekuna masu manyan hotuna, kamar yadda na san za ku yi, to kafin a zo kan allonka tukunyar ta kusa ƙarewa.

Lissafin ba wuya. Fiksel ɗaya mai alfa bayit 4 ne. Allon 600 a 400 bayit 960,000 ne, bai kai megabayit ɗaya ba. Mai cika fuskar 1366 a 768 ya kai megabayit 4, na 1920 a 1080 kuwa kusan 8. Wannan na launi ne kaɗai. Ainihin abin da aka ci za ka gan shi a dxGetStatus, wanda ke ba ka VideoMemoryUsedByRenderTargets da VideoMemoryFreeForMTA. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ƙirƙiri allo mai girman fuska gaba ɗaya don ya zana ɗan akwati a lungu, saboda ƙyuyar lissafin wuri. Idan kod goma a sabar suka yi haka, ka ga inda aka kwana.

Ni kaina na taɓa yin wadda ta fi wannan. Wani gidan gem a Samaru muka haɗa gasa, na rubuta musu allon sakamako. Duk danna Tab sai kod ɗina ya ƙirƙiri sabon allo, kuma ban sa destroyElement ba, don na ɗauka Lua zai share da kansa tunda yana da mai kwashe shara. Ashe shi tebur da zaren rubutu yake kwashewa. Allon gefe a wurin MTA element ne, wato abin da MTA ke riƙe da shi ba Lua ba, yana nan daram har ka rusa shi ko a tsayar da kod ɗin gaba ɗaya. Da rana komai lafiya. Bayan la'asar, yaran da suka fi yawan leƙa sakamako, waɗanda kuma su ne ke kan gaba, sai allon ya daina fito musu ɗaya bayan ɗaya. Wani yaro ya cire abin kunnensa ya juyo ya ce, "Yaya, ko dai an yi mana asiri ne?" Mai gidan yana tsaye a kaina, janareta na ta ƙugi a waje, ni kuma ina ta zufa ina neman laifin a wurin da ba ya nan. Layi ɗaya ne ya rage. Tun ranar, duk inda na rubuta dxCreateRenderTarget, kafin in ci gaba sai na rubuta inda za a rusa shi.

To me za ka yi wa mutum biyun nan? Duba layin farko na onClientRender a kod ɗin sama: idan babu allo, a zana kai tsaye. Gem zai ɗan yi musu nauyi lokacin da suka danna Tab, amma za su ga jerin. Za ka iya rage musu inuwar rubutu ko ka nuna layi 15 kawai a lokaci guda. Kuma ba sai ka ari laftof ɗinsu ba kafin ka gwada: dxSetTestMode("no_mem") zai sa naka ya yi kamar ma'adana ta ƙare, "low_mem" kamar ta kusa, "none" ya mayar da kai daidai. Buɗe tagar saƙonnin kuskure da umarnin debugscript 3 kana gwajin don ka ga gargaɗin da idonka.

Na san abin da zai zo maka a rai nan gaba, don kowa nan yake zuwa: sunayen da ke yawo a saman kan 'yan wasa, da lambobin mota, da allunan shaguna. A nan ne yawan 'yan wasa ke zama matsala. Allo ɗaya na 512 a 512 megabayit ɗaya ne cif. Ka ba kowane ɗan wasa nasa, ranar da Allah ya kawo muku mutum 100, megabayit 100 ke nan a kan kowace kwamfuta, har da ta wanda ke can wani gari shi kaɗai ba ya ganin kowa. Ba ka buƙatar allo sai ga wanda ke kusa. MTA na sanar da kai da onClientElementStreamIn idan wani ya shigo kewayenka, da onClientElementStreamOut idan ya fita. Ba shi a na farko, karɓe a na biyu, kuma kada ka manta da onClientPlayerQuit. Abin da na fi so ma shi ne allo ɗaya babba a yanka shi gida-gida kamar fegin gona: 1024 a 1024, megabayit 4, ya ba ka gurbi 64 masu 256 a 64. Wanda ya matso a ba shi gurbi, ya tafi a ba wani. Kana ɗauko gurbin da dxDrawImageSection, ko dxDrawMaterialSectionLine3D idan a cikin gari za ka kafa shi. Don goge gurbi ɗaya ba tare da ka wanke sauran ba, sa "overwrite" ka zana murabba'i mai alfa sifili a kansa. Idan aka yi Alt da Tab kuwa duka gurabun ne za su tafi, sai ka sake cika su, amma ka rarraba aikin a kan firam da yawa, kaɗan-kaɗan, kada gem ya daskare wa mutum daidai lokacin da ya dawo.

Wuri ɗaya da na yarda a sake zana allon kowane firam shi ne idan yanka kake nema, ba sauƙi ba. Duk abin da ya wuce bakin allo ba ya fitowa, don haka jeri mai gungurawa ko ƙaramar taswira mai juyawa da ɗan wasa suna samun gefe mai tsabta a kyauta. Nan ka san kuɗi kake biya don kyau, sai ka sa allon ya zama ƙarami. Shi kuma dxGetTexturePixels, wanda ke kwaso abin da ke allon ya dawo da shi hannun Lua, ka nisance shi a cikin onClientRender. Yana tilasta wa komai ya tsaya jiran katin hoto.

Abu na ƙarshe, don kada ka ɗora wa allon abin da ba zai iya ba. Allon gefe a kwamfutar ɗan wasa yake rayuwa, shi ya sa fayil ɗin sai ka sa masa type="client" a meta.xml, saba ba ta san da shi ba, ba ta zana komai. Abin da za ta aiko lambobi ne da sunaye, kuma sai lokacin da suka canza. Idan kana kiran setElementData ko triggerClientEvent kowane ɗan lokaci ga kowa da kowa, ka cika layi da surutu, kuma tutarka ba za ta taɓa sauka ba. Sannan cijewa iri biyu ce, 'yan wasa kuwa suna ɗaya suke ba su. Akwai ta firam, inda hoton gaba ɗaya ke tsinkewa. Akwai ta intanet, inda hoto ke tafiya sumul amma motar abokinka tana tsalle daga nan zuwa can, musamman idan sabar tana Jamus ko Faransa ku kuma kuna kan datar waya. Ta biyun ba ruwanta da zanenka. Har ta farkon ma, ka tambayi mai ƙorafin ko an ɗauke wuta ne, don laftof da yawa na rage ƙarfin katin hoto da zarar sun koma kan batir. Danna F8 don buɗe wurin rubuta umarni, ka rubuta showframegraph ya fito maka da layin da ke nuna tafiyar firam, ka danna Tab ka saki kana kallon layin, sau ɗaya da caja a jiki, sau ɗaya babu. Idan layin bai motsa ba lokacin da allon ya buɗe, to jerinka ya fita daga zargi, sai ka koma kan motocin nan da kuka loda.